Gafarar da Na Nema Kaina a Sunkuye

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan kina cikin rahama, na zo ne neman gafara. Na taɓa nema sau ɗaya, amma na tabbata ba ta shiga kunnenki ba.

Ni na sayo miki injin markaɗe daga unguwar Mokola, farkon shekarun tamanin, lokacin da na fara aiki ina ji da kaina. Muka kafa shi a lungun tsakar gida. Daga hantsi har la'asar yana ruri: tattasai, waken masu ƙosai da alale, masarar koko. Shekara goma kina tsaye a kansa, ni kuwa ina yawo a unguwarmu ta Sabo ana shi mini albarka.

Da jinki ya fara raguwa, sai muka ɗauka rigimar tsufa ce. A yi magana a hankali, ba ki ji ba. A ɗaga murya, ki toshe kunne ki ce, "Oya, ya isa, ku daina sara mini kai." Cokali ya faɗi a siminti, ki zabura. Har na ce wa ƙanwata Rabi ai abin da Inna ta ga dama shi take ji. Muka yi dariya a gabanki, kuma kin ga dariyar.

Kika ce akwai gyare a kunnenki da ba ya yin shiru. Sai na kawo dabarata ta ɗan boko. Na sayar da injin, na mayar da ke ɗakin baya, na ɗauke rediyonki, na hana jikoki shiga, wai don ki huta. Har yabona aka yi a kan haka.

Bara nawa kunnen ya fara ƙugi, na je asibiti. Likitar ta ce a ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin da aikinsu taka birki ne, su rage ƙarar da ta yi yawa, kuma sautin da mutum ke ji kullum shi ke daidaita su. In kunne ya rage aiko da sauti, sai ƙwaƙwalwa ta sassauta birkin don ta kamo ɗan abin da ya saura. Daga nan ƙarar cokali ta zama kamar duka, ƙugi kuma ya taso daga ciki. Ta ce zaman shiru tsit yakan ƙara dagula abin. Ta ce a riƙa fuskantar mai larurar, ya ga bakin mai magana.

Inna, da na ji haka, sai da likitar ta miƙo mini ruwa.

Ni ɗan fari ne. Tsakanina da ke kunya ce, ko sunana ba kya faɗa. Ban taɓa yi miki magana ina kallon fuskarki ba. In durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, murya a ƙasa, haka aka koya mini ladabi. Ke kuma kunyar nan ba za ta bari ki ce mini "ɗago in ga bakinka" ba.

Tun ban san duk wannan ba, ranar da zan tafi Kano sayen kaya, kafin in wuce tashar Ojoo, na durƙusa kamar kullum na ce ki yafe mini injin, ki yafe mini dariyar. Kika jira har na daina motsi, sannan kika ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ina Kano Rabi ta aiko cewa kin rasu, har an kai ki.

Na san da kin ji, da kin yafe tun kafin in rufe baki. Sanin hakan ne ya fi ci mini rai.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya jiyar da ke sallamar mala'iku tar, babu ƙugi babu zafi. Ya isar miki da roƙon nan, tunda ni na kasa.

Naki,
ɗan farinki, wanda kike kira "yaron nan".