Ni na lalata haƙoran ɗiyar aminiyata, ga shi kakarta ake zargi

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, ina gaishe ki da masu karatu baki ɗaya, ya gida ya yara. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan faɗa ma duk na canza su. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na bar lakwal, wato makarantar boko. Abu guda nake roƙo, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake yi wa kaina ya fi wanda za ku yi mini.

Ni ƴar Jiratawa ce, aure ya kawo ni Sabon Gari nan Maradi. Ɗiyata guda, Zulai, shekararta biyar. Haƙoranta huɗu na sama, na gaba, duk sun yi baƙi sun gutsure kamar bakin tsohuwar ƙwarya. Ni na ja mata, amma wallahi ba da sani ba. Lokacin yaye ta yi ta rigima, sai na riƙa zuba mata shayi da sukari a bibiro, kwalbar nan ta shayar da jarirai, tana tsotsa har barci ya ɗauke ta, mun daɗe muna haka. Da haƙoran suka fara rawaya na nuna wa Innata, ta ce haƙoran nono ne, zubewa za su yi, wa ya taɓa wanke wa jinjiri baki? Mu can gida sai yaro ya fara salla ake miƙa masa asuwaki. Ita Inna da asuwaki da gawayi ta girma, har yau tana shan rake da haƙoranta. To ni maganar wa zan ƙaryata?

Katangarmu ɗaya da aminiyata Salamatu. Tare muka tashi, tare muka yi tsinkar tattasai a gonakin rani, ita ta ci gaba da boko har ta zama malamar lakwal. Ɗiyarta ta girmi Zulai da wata biyu. Sunan uwar mijinta aka sa mata, wata tsohuwa da ke zaune Tsibiri, shi ya sa ake ce mata Ummi. Tun yarinyar ba ta da haƙori ko ɗaya Salamatu ke naɗa ƙyalle mai tsabta a yatsa tana goge mata dasashi. Da haƙori ya fito ta samo mata ɗan buroshi mai laushi, ta ɗiga man goge baki kamar ƙwayar shinkafa, da safe da kuma kafin kwanciya. Duk wata shida sai ta kai ta wurin likitan haƙori alhali ba abin da ke mata ciwo. Har dariya na yi mata, na ce, "Ƙawa, yarinya lafiya lau ki kai ta likita? Ciwon kike nemo mata?" Ta ce, "Ke dai ki samo wa Zulai buroshi." Na ce a raina boko ya yi wa Salamatu yawa.

Bara aka yi wani suna a Jiratawa, muka ɗinka wa yaran kaya iri ɗaya. Wata mata ta tsayar da su za ta ɗauki hoto da wayarta, ta ce, "Ummi yi dariya. Kai, tubarkalla, haƙora kamar an jera shinkafa!" Sai ta dubi tawa ta ce, "Ke kuma ɗan rufe bakinki kar ki ɓata mana hoto." Wata daga gefe ta ce, "Ɓera ne ya biyo ta?" Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi, me zan ce? Zulai ta sa hannu ta rufe baki, kuma tun ranar ko ni kaɗai ce a ɗaki da hannu a baki take dariya. Da hoton ya iso wayar maigidana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ki riƙa tambayar Maman Ummi yadda take yi mana." Bai ɗaga murya ba, amma da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ita ta samu boko, ita ke fita da jaka da safe ana ce mata Madam, yanzu kuma har bakin ɗiyarta ya fi na tawa? Ni fa, me na samu?

Ga laifin. Idan Ummi ta taso daga jardan, makarantar ƙananan yara, da tsakar rana wurina take zama har uwarta ta dawo da yamma. A jakarta akwai buroshi da man, Salamatu ta ce in goge mata bayan ta ci abinci. Satin da ya biyo bayan sunan nan na daina goge mata. Na san halin Salamatu, tana dawowa sai ta shafa bakin buroshin da yatsa ta ji ko da danshi, don haka nake tsoma shi a ruwa, in matse ɗan man in zubar a makwarara. Sannan na fara ba yarinyar alawa. Alawar madara, da mai danƙon nan da ke liƙewa a matauni, da zoɓo mai sukari a leda. Idan za ta yi barcin rana in sa mata guda a kunci in ce ta bar shi ya narke da kansa, kar ta tauna. Na ce mata, "Wannan sirrinmu ne, in kika faɗa wa Mama ba za ta ƙara barinki zuwa wurin Zulai ba." Ta ce, "To Tanti." Abin da ya fi ba ni kunya, a daidai lokacin na hana Zulai zaƙi, na samo mata buroshi, ina goge mata sau biyu kamar yadda na ga Salamatu na yi. Ke nan na san abin da nake yi, ba zan ce jahilci ba ne. Kullum ina ce wa kaina ai haƙoran nono ne, ɗan baƙi kawai nake so su yi, a daina nuna ɗaya ana rufe ɗaya. Haka muka yi kusan shekara.

Da suka je dubawa karon farko bayan na fara wannan aiki, likita ya ce ya ga ɗan tabo, a rage zaƙi, Salamatu ta zo tana ba ni labari tana mamaki, na taya ta mamaki kuma ban daina ba. Watan jiya Ummi ta tashi da kunci a kumbure. Salamatu ta ce in raka ta, ta ce in ɗauko Zulai ma a duba ta. Likitan ya haska bakin Ummi ya ce matauni biyu sun yi rami, ɗaya za a cike, ɗaya sai an cire. Ya ce mutane na raina haƙoran nono, alhali su ke riƙe wa na dindindin wuri. Ya tambaya, "Wa ke ba ta zaƙi haka? Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne." Ummi na kan kujerar nan bakinta a buɗe, ta juyo ido ta kalle ni. Sai Salamatu ta buga cinya ta ce, "Tsibiri ne! Duk Asabar da Lahadi can take kwana, kuma tsohuwar nan ba ta jin magana." Jama'a, nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe kuwa, na ce, "Ai ni ma na taɓa ganin ta ba ta alawa, tsofaffi sai haƙuri." Ƙarya ce, ban taɓa gani ba. Da ya duba Zulai ya ce na gaban sun riga sun tafi, amma na cikin tas suke, ana kula da su. Salamatu da hawaye a idonta ta riƙe hannuna ta ce, "Kin ga ƙawa, yau ke za ki koya mini." Zan faɗa muku gaskiya, da na ji haka, kuma na ga giɓin da aka bar wa Ummi, wani sanyi ya sauka a zuciyata kafin kunya ta biyo baya. Wace irin mace ce ni?

Tun ranar Salamatu ta hana Ummi zuwa Tsibiri. Mijinta ya ce ba wanda zai raba uwarsa da takwararta, ta ce ita ma ba wanda zai ƙara cire wa ɗiyarta haƙori. Ta katanga nake jin su, gidan da ban taɓa jin hayaniya ba.

Shekaranjiya da azahar sai ga sallama, tsohuwar ce da kanta, ta hawo mota daga Tsibiri da ciwon gwiwarta. Ba gidan ɗanta ta shiga ba, nawa ta shigo. Ummi ta ruga ta faɗa jikinta. Tsohuwar ta buɗe bakin yarinyar ta leƙa giɓin, sannan ta goge ido da gefen mayafi ta ce mini, "Ɗiyata, wurinki na taho, don ke Salamatu ka jin maganarki. Wallahi in ba dabino da gyaɗa ba ban taɓa ba ta komi. Da hannuna nika yanko mata asuwaki. Dubi bakina, haƙori ukku sunka rage min, ni na san zahin abin ga, mi za ya sa in so ma takwarata shi? Ki roƙa min ita." Ina durƙushe gabanta da kwanon ruwa. Sai Ummi ta matso kusa da kunnena ta ce, "Tanti, in faɗa ma Kaka sirrinmu?" Na ce ta je ta yi wasa da Zulai. Tsohuwar ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi. Da za ta tafi har albarka ta sa mini.

Na daina ba da alawar, wallahi na daina, yanzu ni ke goge wa Ummi baki da rana. Amma haƙorin ba zai dawo ba sai lokacinsa, kuma maganar ta wuce haƙori. Ranar Juma'a mai zuwa dangin mijin za su zauna a Tsibiri a sasanta, kuma Salamatu ta ce dole in bi ta, in maimaita a gaban kowa abin da na ce na gani, don ni kaɗai ce shaidarta. In na maimaita, na yi wa tsohuwa ƙazafi a tsakar gidanta, gaban ƴaƴanta, kuma ƙila ba za ta ƙara kwana da jikarta ba. In na faɗi gaskiya na rasa Salamatu, unguwa ta ji, maigidana ya ji, a ce ga wadda aka ba amanar yarinya ta cuce ta. In na ce ba ni da lafiya na ƙi zuwa, Salamatu za ta faɗa da sunana ko ba na nan.

Iyayena mata da ke wannan shafi, kwana huɗu suka rage, kuma Salamatu ta riga ta ce in shirya tun da safe. In same ta ita kaɗai kafin Juma'a? In fara zuwa wurin tsohuwar? Da wane baki zan fara? Don Allah, me zan yi?