Ba Zan Bar Zariya Ba, Yaya

Birnin Kudu,
12 ga Satumba, 1977.

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da iyalinka a can Ikko. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero kuma ya fara nuna.

Na ga saƙonka game da aikin da ka samo mini a tashar jiragen ruwa. Na gode ƙwarai, amma ka yi haƙuri, ba zan bar karatuna ba. Na san Kawu Sada ya ce maka an kai ni jami'a ina koyon 'yankamanci. Gaskiya muna karanta tarihin wasan kwaikwayo, tun daga na mutanen dā har zuwa wasanmu na tashe, ana kuma koya mana haɗa dandamali da tsara wasa.

Da na zo hutu, Baba ya ce kunya ta hana shi zuwa Gwaram saboda surutun dangi a kan karatuna. Ban yi musu da shi ba. Na tara samarin ƙauyenmu Kangire, muka kafa dandamali da azara da zana, muka yi wasa bayan la'asar a kan wani tsoho da 'ya'yansa suka bi kuɗin birni suka bar masa gona. Ni na fito a tsohon. Mutane sun yi ta dariya, har zuwa inda tsohon ya zauna a kan kunyar gona shi kaɗai yana kiran sunayen 'ya'yansa. Nan wuri ya yi tsit. Na hango Baba ya tashi ya tafi.

Washegari ya kira ni zaure. Bai yi faɗa ba. Sai ya tambaye ni ko babban ɗan tsohon nan na wasan zai dawo. Na ce ban rubuta ƙarshen ba tukuna. Ya ce to in koma makaranta in koyi yadda ake ƙarasawa.

Ranar Asabar zan koma Zariya. Kai kuma, Yaya, don Allah ka zo gida lokacin kaka. Baba ba zai taɓa roƙonka da bakinsa ba.

Inna da Kulu suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Yaya Hapsatu da yara.

Naka ƙane,
Hambali