Sun Ce In Goge Zanen Rijiya, Ni Kuwa Na Ƙi

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Lahadi, domin ranar ce wa'adin da aka ba ni.

Gidan haya muke a Kafanchan, ɗaki tara, rijiya ɗaya, Musulmi da Kirista. Shekarata goma sha ɗaya a gidan, ban taɓa sa-in-sa da kowa ba. Bara ruwan sama ya ɗauke da wuri, famfo kuwa mun manta rabonmu da shi. Tun watan Nuwamba na lura igiyar guga tana ƙara shigewa. Sau biyu na yi magana a hankali, aka ce rijiyar nan ba ta taɓa ƙafewa ba.

Ban yi nisa a boko ba, allo na yi. Amma na reni 'ya'ya biyar, na san katin awo na asibiti, wanda idan layi ya yi ƙasa uwa ba ta jiran bayani. Sai na ce bari in yi wa rijiyar irinsa. Duk Juma'a da sassafe, kafin kowa ya ja ruwa, nakan ɗaura dutse a igiya in zura har ƙasa, in auna inda ya jiƙe da kamu, in ɗiga da gawayi a bango. Da kamu tara muka fara, yanzu farkon Fabrairu uku ya rage. Da na haɗa ɗigon, ko yaro ya ga gangaren.

Kuma ya yi amfani. Mama Doreen, maƙwabciyata, ta soma tara ruwan ɗauraya don banɗaki, wasu suka bi ta. To sai na aza sanda a kan layin na ja shi gaba, ya dire ƙasa a tsakiyar Maris, na rubuta ranar a wurin.

Tun daga nan zaman ya canza. Mama Doreen ɗin nan ta ce na sa wa rijiya baki, su sun yi addu'a ni ina rubuta mata ranar mutuwa. Derrick, ɗan acaɓan da ke wanke babur ɗinsa a bakin rijiyar kullum, ya watsa wa zanen ruwa. Na sake zanawa. Ya ƙara, na ƙara. Wanda ya fi yi mini ciwo maigidana ne, da ya ce ina shiga ilimin gaibu. Na kwana uku ina tuhumar kaina, ban ga inda na yi duba ba. Igiya na auna da hannuna.

Yanzu Malam Christopher, tsohon malamin makaranta, wanda ke kula da gidan, ya ce in goge kafin taron 'yan gida na ranar Lahadi don a zauna lafiya. Anti, ba zan goge ba. Mu mata mu za mu ɗauki jarka zuwa rafi idan ta ƙafe, ba masu cewa in goge ba. Amma ina tsoron a ce ni na raba gida. Ina da laifi?

Mai Auna Rijiya, Kafanchan

Amsa:

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Auna ruwa ba duba ba ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne. Kada ki goge ɗigo ko ɗaya, domin kowanne abu ne da idonki ya gani.

Ranar da kika rubuta ce matsalar. Ruwan rijiya ba ya bin sanda. Yana iya sauka da sauri fiye da haka, yana iya lafawa idan an rage ja. Ɗigon ya sa mutane gyara, ranar kuwa ta tsorata su, wanda ya tsorata kuma mai laifi yake nema. Mama Doreen ba maƙiyiyarki ba ce, ita ce ta fara jin maganarki. Ki goge ranar da hannunki tun kafin Lahadi, ki shiga ɗakinta ki faɗa mata. Maigidanki kuma ki tashe shi da sassafe ya riƙe igiyar da kansa.

A taron kada ki kare kanki da dogon bayani. Ki miƙa igiyar, ki ce daga yanzu kowace Juma'a ɗaki ɗaya ya auna ya ɗiga. Bango ya zama na kowa, sai mu ga wanda zai watsa wa ɗigonsa ruwa. Ki roƙi Malam Christopher, tunda shi malamin makaranta ne, ya ja layi na biyu da zai nuna inda ruwa zai kai idan kowane ɗaki ya rage bokiti biyu a rana. Maganar babur ki bar wa taro, kuma kada sunan kowa ya hau bango.

Idan duk da haka suka goge, ƙofar ɗakinki taki ce, ki ci gaba da zanenki a can ba tare da faɗa ba. Allah Ya kawo mana damina da wuri, Ya bar ku tare a bakin rijiyarku.