"Da Sauƙi" Ba "Na Warke" Ba Ne

Daga: Mai Kati Lamba 2417,
Layin Masu Ciwon Jini.
9 ga Mayu.

Zuwa ga: Mai Girma Shugabar Sashen Magunguna,
Babban Asibiti.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNANA DAGA JERIN MASU KARƁAR MAGANIN TSAYAR DA JINI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa tun daga farko. Wannan ce takardar ƙorafi ta farko da na taɓa rubutawa, sau huɗu kuma ina yaga ta. Ni ce yarinyar nan mai gilashi da ke zama a ƙarshen benci da littafi, wadda ma'aikatanki ke kira 'Yar Haɓo.

1. Tun ina ƙarama jinina ba ya tsayawa da wuri. Haɓo ɗaya kan ci min awa biyu. Shekara uku ke nan ina karɓar ƙwayoyina a taga ta biyu, kuma tun da na fara shan su har fararen kaya nake sawa.

2. Ranar Talata, 8 ga Afrilu, da misalin ƙarfe goma, sabon jami'in tagar ya tambaye ni yaya jiki. Na ce da sauƙi. Ranki ya daɗe, tarbiyyar da Mama ta yi min ke nan. Kakata ma, ana tura ta ɗakin tiyata, da sauƙi ta ce wa likita. Jami'in ya yi murmushi, ya rubuta wani abu. Na ɗauka ladabina ne ya burge shi.

3. Ranar 6 ga Mayu na dawo, aka shaida min cewa an rubuta "ta warke" a fayil ɗina, an kuma cire sunana. Maimakon in yi bayani, sai na yi godiya na tafi. Ina roƙo kada ita ma godiyar a rubuta ta.

4. Daga ranar zuwa yau na yi haɓo uku. Ɗaya ya sauka a shafi na 112 na littafin aro, daidai inda ake shirin gano ɓarawon. Mai kula da laburare ya dakatar da ni har sai hancina ya shiryu.

5. Ranar Litinin, 19 ga Mayu, zan fara jarrabawar ƙarshe. Awa uku ce, kuma wanda ya fita ba ya komawa. Shekara guda na yi ina karatunta. Ina tsoro ƙwarai.

Don haka nake roƙon alfarma a mayar da sunana kafin wannan rana. Ba na so a hukunta jami'in, mutumin kirki ne, ya dai cika yarda da mutane. Idan kuma kika kira ni ofis kika tambaye ni yaya jiki, da sauƙi zan sake cewa, don bakina bai iya wata amsa ba. A taimaka a duba sakamakon gwaji.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara girma.

Taki mai biyayya,
'Yar Haɓo

Ƙari: Jan ɗigon da ke kusa da sa hannuna ba hatimi ba ne. A haɗa shi cikin shaida.