Na Goge Kiran Da Ya Shigo Wayar Makwabciyata

Assalamu alaikum Anti mai shafi, tare da duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku daure ku kai ƙarshe, domin abin da zuciyata take yi mini ya fi duk zagin da za ku yi. Sunayen da ke ciki ma na canza su.

Ni matar aure ce a unguwar Bulumkutu cikin Maiduguri, 'ya'yana biyu. Katanga ɗaya ce tsakanina da wata baiwar Allah, Kirista ce 'yar kudancin Borno, muna ce mata Maman Bitrus. Tun ina amarya ta riƙe ni kamar ƙanwarta. Ita ta yi jinyata a haihuwar fari, da sallah ita ke taya ni suyar nama, da Kirsimeti a gidanta yarana suke wuni. Mijinta direba ne, yana jigila tsakanin Maiduguri da Biu. Bara ya fita da safe aka tare su a hanyar Damboa, aka tsinci motar a ƙone, shi kuwa babu gawa babu labari. Tun daga ranar matar nan ba ta rabuwa da wayarta, ko wanka za ta shiga sai ta rataye ta a ƙusa. Ta sha ce mini, "Maman Ummi, lambata kaɗai ya haddace, ko ta uwarsa bai riƙe ba. In dai yana numfashi, nan zai kira."

Kun san zaman da muka yi babu wuta bayan an fasa turakun lantarki. Mu muna da 'yar sola, saboda haka a ɗakina take caji, kuma zama take a gefen wayar har ta cika. Ranar da abin ya faru wanki ya yi mata yawa, ta jona wayar ta ce, "In ta yi ƙara kada ki ɗauka, ki ƙwala mini kira ta katanga, ina nan bakin famfo." Ina wanke-wanke na ji ƙarar. Na leƙa, babu suna babu lamba, an ɓoye. Me ya kai hannuna? Wallahi har yau ban sani ba, tsoron kada ta tsinke ne ko son jin ƙwaƙwaf ne. Na ɗauka da hannu duk kumfa. Iska ce ke kaɗawa a ciki, sai muryar namiji can ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji shi: "Kubili? Kubili, ke ce?" Sunanta ne na gida, duk unguwar ba mai kiranta da shi. Na zabura zan yi waje na manta wayar tana jone, igiyar caja ta fizge ta daga hannuna, ta daki siminti.

Gilashin ko tsagewa bai yi ba. Amma kiran ya yanke, sandunan sabis ɗin nan duk sun ɓace. Na kashe na kunna. Na danna alamar jirgi na cire. Na zare layin na goge da bakin zanina na mayar. Na fita tsakar gida na ɗaga ta sama kusa da tawa: tawa cike da sabis, tata babu ko ɗigo. A haka maigidana ya shigo cin abincin rana ya same ni ina kuka. Da na gaya masa sai ya rufe ƙofa ya rage murya ya ce, "Kin san daga ina aka kira? In daga daji ne fa? Gobe a bi sawun kiran a ce a gidana aka amsa, a zo a ɗauke ni, wa zai riƙe miki yaran? Kuma in ba shi ba ne, kin tayar wa mata da hankali a banza. Ki goge, ki ja bakinki." Ba zan ɗora masa laifin duka ba, domin da yatsana na shiga jerin kira na goge. Har da kunyar a ce an hana ni ɗauka na ɗauka, kuma na yar.

Da ta zo karɓa na ce, "Yau sabis ɗin ba kyau." Ta yarda, ai mun saba. Daga nan na shiga ganin abin da ba zan manta ba. Matar nan ta riƙa zagaya tsakar gidanta da waya a sama, ta hau kan turmi, ta fita har bakin titi cikin rana. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Ummi, taki tana kamawa?" Na ce, "Tana zuwa tana ɗaukewa." Ƙarya nake. Kuma na sani sarai da na cire layinta na sa a wayata kira zai shigo, na sani, amma sai na tuna maganar maigidana na yi shiru. Wace irin makwabciya ce ni? Mutumin da ya samu waya da kyar a inda yake, wataƙila ya yi ta kira ana ce masa a kashe take, ni kuma ina jin ta bayan katanga tana addu'a da yarensu.

Sai da aka kwashe kwanaki na kasa jurewa, na ce ta zo mu je wurin mai gyara. Muka hau keke napep zuwa bakin tasha. Mutumin ya gwada wani layi a ciki, shiru. Ya sa nata a tasa wayar, nan take ya kama. Ya ce, "Mama, layinki lafiya lau. Wayar ce ta faɗi." Ta ce, "Ba ta taɓa faɗuwa ba, kamar ƙwai nake riƙe ta." Na kafa idona a kan takalmina. Ya buɗe bayanta ya nuna mana wata 'yar siririyar igiya kamar zare ya ce, "To ta dai sha bugu. Wannan ce ta eriya, ta ɓalle daga mazauninta." Ya danna ta da ɗan hantsaki, sandunan suka dawo a gabanmu. Abin da ko ruwa ba ka gama sha ba an gama shi. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Ɗana, in an kira ni a kwanakin nan zan gani?" Ya ce wani lokaci saƙo yakan shigo, amma in mai kiran ya ɓoye lamba sai dai haƙuri. Muka tsaya a wurin muna kallon wayar. Saƙon talla ne kawai ya shigo. A hanyar dawowa har godiya ta yi mini, wai ni ce 'yar'uwarta a garin nan.

Watanni ke nan, ba a sake kira ba. Na taɓa bugun cikinta na ce wa ke kiranta Kubili, ta yi dariya ta ce, "Tun da iyayena suka rasu sai yayana da ke ƙauye, sai Baban Bitrus." To yayan nata me zai sa ya ɓoye lamba ya yi raɗa? Wata rana in ce wallahi muryar mijinta ce, na san ta, shekara nawa yana gaishe ni a ƙofar gida. Wata rana kuma in ce iska ce ta ruɗe ni.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, 'yan'uwan mijin sun zo daga Biu sun zauna da fastonsu, sun tsayar da ƙarshen watan nan za a yi masa addu'a a coci a matsayin wanda ya rasu. Jiya ta shigo ta zauna a tabarmata ta ce, "Na haƙura, Maman Ummi. Da yana raye da ya kira ko sau ɗaya ne." Ta ce bayan addu'ar za ta koma gida da yaran, kuma za ta karya layin, domin duk ƙarar da wayar ta yi sai gabanta ya faɗi. Anti, matar nan yanzu ta fara cin abinci, ta fara kitso, har ta yi ɗan kumari. In na faɗa mata, na mayar da ita kan turmi da waya a hannu, wataƙila har ƙarshen rayuwarta, kan muryar da ni kaina ban tabbatar ba, kuma maigidana ya ce in na buɗe baki in san inda dare ya yi mini. In na yi shiru ta karya layin, in har shi ne, na rufe masa ƙofa ɗaya tak da ya sani a duniya.

Ranar Lahadi ta roƙe ni in zo in taya ta girkin baƙin da za su zo addu'ar, na ce mata to. Jama'a, ku dubi Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?