Isufu Na Barci, Albashi Na Bin Sa

Hajo ɗiyata, ba a kori ɗanki Isufu ba!

Af, gaisuwa. Ina gajiya, ina maigidanki da yara? Gidan Sori lafiya lau.

Da ya dawo daga kamfanin gyaɗa da tabarmarsa, na zaci korar sa aka yi, tuwo ya gagare ni. Na hau jaki na tafi roƙon mai kamfanin. Ya yi dariya ya ce, "Baba, konje ne. Doka ta ce in ba shi hutu, in kuma biya shi."

Ni da na fasa dutsen hanya zamanin Nasara ba a biya ni ko tamma ba, ban gane ba. Wa ke sayen barci?

Ki sa mu addu'a, ki gaida mutan gida. Ku zo duka ku ga ja'irin yana minshari a inuwar rumbu!