Ragonka ya tafi a dikoda

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya yara? Mu nan Karare lafiya lau.

Da kunya nake rubuto maka. Ragon layyar da ka bar mini kiwo na sayar a kasuwar Batsari, na sayi dikodar HD mai kama tashoshi da hoto tangaran, na biya kuɗin tashoshin. An ce har zufar ɗan ƙwallo za a gani. Na tara maƙwabta, na kunna. Ashe tsohuwar talabijin ɗinmu ba ta nuna irin wannan hoton, babu abin da ya canza. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Lawal, nuna mini inda ragon Sani ya shiga."

Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a, ka gai da kowa. Har yau ban iya bi ta wajen turken ba.

Ƙaninka,
Lawal